Burodin Slava da Kambun Dushanka

Shafi na 31

To, ku sarara min haka, kun ji? Tun asuba wayata take kuka. Wata har cewa ta yi idan ban fito da Dushanka daga ɗakin nan ba, za ta biyo ni har garinmu Vrbitsa da muciya. Ajiye muciyarki, 'yar'uwa, ga shi nan. Ga wadda yau ta shigo kuma: Dushanka ita ce gola kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon hannu ta mata a garinmu. Gobe suke wasan da in suka ci za su hau babban rukuni, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa kulob ɗin. Yau kuma ranar slava ce ta kulob, bikin Waliyyi Jorje. Mun tsaya inda shugaban kulob, Kawu Rade, ya shigo musu ya turo ƙofa.

Kawu Rade ya jingina da ƙofar yana haki, maɓallin rigarsa na tsakiya yana neman tsinkewa. Ɗakin nan shi ne ma'ajiyar tsintsiya da bokitai, shi ne kuma inda 'yan matan suke canza kaya. Na maza yana sama, da ruwan zafi da madubi.

"Smilya, fita," ya ce da mataimakiyar gola.

"Takalmi ɗaya ne a ƙafata, Shugaba."

"To fita da ɗayan."

"Igiyar ce ta ƙulle." Smilya ta sunkuya ta kama igiyar da ba abin da ya same ta.

Ya yi tsaki, ya zaro waya ya miƙa ta saitin fuskar Dushanka.

"Kin gani?"

"Na gani tun shekaranjiya, Kawu Rade. Har mai sayar da jarida ya nuna min."

Hoton dai shi ne wanda duk garin ya riga ya haddace. Ita ce a kan tsohuwar gada, kanta a kafaɗar Biserka mai kantin magani, yatsunsu a sarƙe. Wani ne ya ɗauka daga cikin mota, ya watsa. Washegari aka wayi gari an rubuta "gidan 'yan madigo" da jan fenti a bangon zauren wasa, kuma 'yan matan ne aka ba wa soso suka kankare.

"Milutin ya kira ni," in ji Kawu Rade. "Ya ce sunan kamfanin madararsa ba zai zauna a ƙirjin wannan abin kunya ba. Madara, Dusha! Abin da ake ba yara!"

"Sunansa yana ƙirjin maza. Mu tsofaffin rigunansu muke sawa. Ka duba bayana, har yanzu sunan wani ƙato ne a ƙarƙashin salatif."

"Kar ki kawo min wannan yau."

"Yaushe zan kawo? Mazanka tun kaka ba su ci wasa ba, amma su ke hawa bas. Mu a motar burodin mijin Zorka muke tafiya."

"Na ce kar ki kawo min!" Ya daki ƙofar da tafin hannu, wani bokiti ya gangaro. Sai kuma ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi ihu muni. "Saurara, 'yata. Da ubanki muka yi makaranta. Ba na son in wulaƙanta ki. Idan Fadan coci ya gama sa wa burodi albarka, zan ba ki makirfo. Ki ce ƙarya ce. Ki ce matar nan haya kike yi a gidanta, kanki ne ya yi ciwo ranar. Daga nan ki kama hannun ɗan ƙanwata ku buɗe rawa. Shi ke nan, magana ta mutu."

"In na ƙi fa?"

Ya nuna kambun kyaftin da ke damtsenta.

"Ki cire wannan, kuma gobe ko benci ba za ki zauna ba."

Dushanka ta dubi hannayenta. Tun tana 'yar shekara sha biyu take tare ƙwallo da fuska da ciki a ragar nan. Babu yatsanta ɗaya da yake miƙe. Duk saboda gobe.

"Ka gama?" ta ce.

"Na gama. Ki wanke fuska ki fito kina murmushi."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Ƙamshin gasasshen alade da na kabeji ya shigo, tare da ƙarar masu ƙaho suna gwada kayansu.

Smilya ta miƙe, ta kama ta a kafaɗu ta girgiza.

"Ke, ki faɗi ƙaryar mana! Me za ta rage ki da shi? Mu ci wasa gobe, jibi ki je ki zage shi har kakarsa, ni zan riƙe miki jaka."

"Biserka za ta ji."

"Biserka ba yarinya ba ce, za ta gane."

"Ganewar ce ta ishe ni, Smilya. Kullum ita ce mai ganewa. A kasuwa in wuce ta kamar ban san ta ba, ta gane. A filin wasa ta zauna can bayan magoya bayan baƙi, ta gane."

"To mamarki fa? Tana can kicin tun safe tana naɗa kabeji. A gaban mutane kike so ta ji?"

Dushanka ta sauke hannayen Smilya daga kafaɗunta. Ta gyara kambun ta fita.

Zauren ya cika maƙil. An shimfiɗa kwali a kan daɓen wasa, an jera tebura. Mazan kulob suna teburin gaba da sababbin riguna, kusa da Milutin mai madara da kansilolin gari. 'Yan matan suna can ƙarshe kusa da ƙofar kicin, don in an nemi cokali su tashi. A tsakiya ga teburin slava: hoton Waliyyi Jorje a kan dokinsa, doguwar kyandir tana ci, kwanon dafaffiyar alkama, kwalbar jan ruwan inabi, da burodin. Kai, burodin nan! Gwaggo Vida, mahaifiyar Dushanka, ta yi masa ado da tsuntsaye da zangarniyar alkama na ƙulli, ya tashi ya yi jajir, har mata suna leƙe suna taɓe baki don hassada.

Da Dushanka ta shigo, surutu ya ragu. Wani daga teburin maza ya yi fito.

"Ango ya iso!" in ji shi. Aka bushe da dariya.

Zorka, wadda ta fi kowa ƙarfin harbi a ƙungiyar, uwar 'ya'ya uku, ta juyo da kujerarta.

"Kai mai jan kunne, ƙwallo nawa ka ci bana? Faɗa da ƙarfi, uwarka tana nan tana son ta ji."

Dariyar ta koma kansa.

Fada Gerasim ya iso a gurguje, gemunsa a hargitse, yana duba agogo. Ranar Waliyyi Jorje rabin gidajen garin suna jiransa. Yana cikin rataya mayafinsa ne ƙofar waje ta buɗe.

Biserka ce.

Ta sa koriyar rigarta ta zuwa coci, da kwalbar ruwan inabi a hannu ɗaya, furanni a ɗayan, kamar kowane baƙon slava. Duk shekara tana zuwa, ita ke ba ƙungiyar bandeji da man zafi kyauta. Amma yau da ta tsaya a bakin ƙofa, cokula suka daina motsi.

Kawu Rade ya taso da sauri, ya tare ta da tumbinsa.

"Malama, yau biki ne na 'yan kulob."

"Barka da slava, Shugaba," in ji Biserka. "Ajiye wannan kawai zan yi."

"Ajiye a waje."

Wata tsohuwa ta ja numfashi. Ko maƙiyinka ne ya shigo ranar slava sai ka ba shi alkama da kujera, kowa a zauren ya san haka. Amma ba wanda ya tashi ya ba ta kujera.

Dushanka ba ta san lokacin da ta ratsa teburan ba. Sai ganin kanta ta yi a gefen Biserka.

"Kawu Rade, baƙuwa ce."

"Koma wurinki."

"Ba a korar baƙo."

"Na ce koma wurinki! Ko kuwa ki bi ta, ku fita tare!"

"Dusha, bari," Biserka ta raɗa mata. "Don Allah bari, zan tafi. Gobe ta fi."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa ƙona Dushanka. Ta karɓi kwalbar daga hannunta.

"To mu fita tare."

Sun juya ke nan, Smilya ta dafe kai, Zorka ta miƙe tsaye, sai muryar Fada Gerasim ta ratsa zauren.

"Jama'a, ni fa ana jirana. Ina mai masauki?"

Kawu Rade ya gyara wuyan riga ya nufi teburin.

"Ga ni, Fada. Bismillah, mu fara."

Fada ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne mai masaukin bana?"

"Ni ne shugaban kulob."

"Ban tambaye ka shugaba ba. Wa ya karɓi kason burodi bara?"

Kawu Rade ya waiga yana neman wanda zai tuna masa.

Sai Zorka ta ƙyalƙyale da wata irin dariya har tana dukan tebur.

"Wayyo cikina! Ya manta! Na rantse ya manta!"

Ai kuwa ya manta. Bara da aka raba burodi, aka ɗaga kason da ake ba wanda zai ɗauki nauyin bikin baɗi, duk mazan nan suka sunkuyar da kai kamar masu neman allura. Wa zai sayi alade da kyandir, ya yi ta zirga-zirga? Kawu Rade, da barasa ta riga ta hau masa kai, ya fizgi kason ya dangwara a hannun Dushanka, ya ce bari mata su yi wani abin amfani ko sau ɗaya. Aka yi ta tafi ana dariya. Ita kuwa ta sumbaci burodin ta karɓa. Aladen da suke shirin ci ma ita ta je ƙauye ta zaɓo shi.

"Wasa ne aka yi bara, Fada," in ji Kawu Rade. Kunnuwansa sun yi ja.

"Da burodin slava kake wasa?"

"A'a, ba haka nake nufi ba. Amma ai ka ji abin da ake faɗa a gari. Ka ga hoton."

"An nuna min, har a bakin coci." Fada ya juyo ya dubi Dushanka, fuskarsa ba yabo ba fallasa. "Ina da magana da yarinyar nan, ita ma ta sani, kuma ba a gaban alade za mu yi ta ba. Amma wanda ya karɓi kaso shi ne mai masauki. Da shi zan karya burodi. In ta fita, ni ma jakata zan ɗauka."

"Fada!"

"Radisav," Fada ya kira shi da cikakken sunansa, "ƙafafuna suna ciwo."

Wani tsoho a teburin kansiloli ya ce, "Kulob ba slava? Allah ya kiyaye. Rade, zauna."

Dushanka ta ji wani abu yana tasowa daga cikinta, irin wanda take ji in an busa bugun fenariti, kowa ya yi tsit, ya rage daga ita sai mai harbi. Ta juyo ta dubi Biserka.

"Barka da zuwa gidanmu," ta ce da ƙarfi, yadda mai masauki yake cewa. Ta ɗauko kwanon alkama da cokali ta miƙa mata. "Ci."

Biserka ta yi alamar gicciye, ta ɗebi cokali ɗaya. Ta kai baki ta ci.

Fada bai ɓata lokaci ba. Ya kifa burodin, ya tsaga gicciye a bayansa, ya zuba jan ruwan inabi a tsagar, ya ɗaga shi.

"Ku matso."

Da ma maza ne suke kewaye burodi, mata su tsaya baya su dafa kafaɗa. Yau kafin mazan su ture kujeru, Zorka ta daka tsawa irin ta fili.

"'Yan mata, tsaron gida!"

Tirƙashi! Sai ga su sun taso gaba ɗaya a guje, sun yi wa teburin katanga kafaɗa da kafaɗa, yadda suke yi a gaban raga. Ƙaton da ya yi fito ɗazu ya nemi kutsawa, Smilya ta ba shi ƙugu ya koma kan kujerarsa. Hannaye masu bandeji da karyayyun farata suka shiga ƙarƙashin burodin, aka fara juya shi, Fada yana rera waƙa, tsofaffin mata suna amsawa. Mazan kulob, da Kawu Rade, da Milutin mai madara, dole suka tsaya a baya suka dafa kafaɗun mata. Ban taɓa ganin abin da ya yi min daɗi irin wannan ba.

Dushanka ta ji hannu a kafaɗarta ta dama. Ba sai ta waiwaya ba, ta san nauyinsa.

Suka karya burodin ita da Fada. Ya sumbace shi.

"Almasihu yana tsakaninmu."

"Yana nan, zai kuma kasance," ta amsa.

Masu ƙaho suka saki kiɗa, 'yan matan suka ɗau shewa. Amma kiɗan bai yi nisa ba, makirfo ya yi ƙara mai kashe kunne. Kawu Rade ne, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Jama'a, a dakata. Mai masaukinmu tana da 'yar magana. Akwai ƙazamar jita-jita da 'yan hassada suke yaɗawa, tana so ta wanke kanta, ta wanke kulob." Ya cusa mata makirfon a hannu, ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Kin ci wannan. Ragar gobe kuma a hannuna take."

Dushanka ta dubi makirfon. Ta dubi Smilya, wadda take mata alama da ido tana motsa leɓe: faɗi kawai. Ta dubi ƙofar kicin. Mahaifiyarta tana tsaye a wurin, da tawul a kafaɗa, hannayenta a naɗe a ƙirji.

Tsoro ya kama Dushanka, tsoro na gaske.

"Barkanmu da slava," ta ce.

"Barka!" aka amsa.

"Sunan da aka rubuta a bango, ba shekaranjiya aka fara kiranmu da shi ba. Tun ranar da muka fara ɗaukar ƙwallo ake kiranmu haka. Zorka tana da 'ya'ya uku, an kira ta. Smilya ranar aurenta ma sai da wani ya tambayi mijinta ko ya duba da kyau. Ƙananan yaran da nake koya wa ranar Asabar, biyu iyayensu sun cire su a makon nan. Da sunan nan ake hana mu ruwan zafi. Da shi ake ba mu zaure in maza sun gama."

"Ki je kan magana," in ji Kawu Rade ta cikin haƙora.

"Ina kai. Hoton nan ba ƙarya ba ne."

Wata ta saki faranti.

"Ba haya nake yi a gidan Biserka ba. Gidanmu ne. Ita nake so, da ita nake zaune, kuma na gaji da wuce ta a kasuwa. Wanda ya ɗauki hoton, in yana nan, ya zo ya ci alade, ni na saya. Shi ke nan maganata."

Ta ajiye makirfon a kan tebur.

Zauren ya kaure. Wasu suna "Tir!", wasu suna "Ashsha!", wata mata ta ja 'yarta ta yi waje. Milutin mai madara ya miƙe yana neman hularsa. Wani saurayi a can baya ya fara tafi, ubansa ya make masa ƙeya. Dushanka ba ta ji ko ɗaya ba. Mahaifiyarta kawai take kallo, don Gwaggo Vida ta baro ƙofar kicin tana tahowa, a hankali, da ɗingishinta.

Mutane suka dare mata.

Ta zo ta tsaya a gaban 'yarta. Ta daɗe tana kallonta.

"Mama…"

"Rufe min baki."

Ta juya wajen Biserka, wadda hawaye suka gama wanke wa fuska.

"Ke kuma, furannin nan haka za ki riƙe su har su mutu? Akwai tulu a kicin."

"Gwaggo Vida, ni…"

"Duk Lahadi nake aika wa 'yar nan tawa da tukunyar kabeji ta mutum biyu. Ita ba ta cin barkono, amma nakan zuba shi a gefe guda. Kuna tsammani don wa nake zubawa? Don kyanwa?"

Dushanka ta zaro ido.

"Kin sani?"

"Ni na haife ki, sakarya. Ban ce na ji daɗi ba. Na yi kukana na gama tun tuni, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Abin da ban yafe ba, sai da kika gaya wa duk garin nan kafin ki gaya min." Ta fizge tawul daga kafaɗa ta goge wa 'yarta fuska da ƙarfi kamar mai goge tukunya. "Tsaya da kyau. Mai masauki ba ya zama, kuma ba ya kuka."

Zorka ta fasa ihu ta rungume su su uku, sauran 'yan matan suka rufa musu.

"To an gama wasan kwaikwayo?"

Kawu Rade ne. Ya dawo daga bakin ƙofa inda ya bi Milutin yana roƙo, bai samu ko waiwaye ba. Fuskarsa ta koma kalar jan ruwan inabin nan. Ya kutsa tsakaninsu, ya kama kambun da ke damtsen Dushanka ya fizge shi ta hannunta, har ya yage mata fata da farce.

"Burodi naki ne, na ji. Kulob nawa ne. Daga yau ba ke ba ragar nan."

"Radisav, a gaban kyandir?" in ji Fada.

"Fada, ka yi naka, ka bar min nawa."

Zorka ta cire rigar kulob ta sama, ta jefar a kan tebur.

"To nemi mai harba maka ƙwallo gobe."

Ta koma bayan Dushanka ta tsaya. Wata ta bi ta. Wata ma ta bi. Riguna suka taru a kan tebur, kowace da sunan wani namiji a ƙarƙashin salatif.

Kawu Rade ya yi dariya.

"Ku tafi mana! Ina da 'yan ƙaramin aji, za su cika min fili. Ko an ci mu, an ci mu da mutunci."

"'Yan ƙaramin aji ba su da gola," in ji Zorka. "Golarsu hannunta a karye yake. Gola biyu gare ka a duk garin nan, Shugaba. In ba ka sa Dusha ba, sai dai kai ka shiga raga da tumbinka."

Nan fa kowa ya gane lissafin a lokaci guda. Idanu suka juya.

Smilya tana tsaye ita kaɗai a tsakiya, rigarta a jikinta.

Dushanka ta ji daɗi ya cika mata ƙirji. Smilya ce fa. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya a bayan motar burodi, Dushanka ce ta riƙe mata lulluɓi ranar aurenta. In Smilya ta tako nan, Kawu Rade ba shi da yadda zai yi, dole gobe ya mayar da ita raga.

"Smilya, taho mana," in ji Zorka. "Me kike jira, kati?"

Kawu Rade ya jefa kambun a ƙasa, daidai gaban takalmin Smilya.

"Kafin ki taka, ji wannan. Gobe akwai mutumin da zai zo daga wani babban kulob na Hungary. Gola yake nema. Albashi, gida, komai. Wannan ya zo gani." Ya nuna Dushanka da haɓa. "Amma wadda ya tarar a raga, ita zai gani."

"Ƙarya yake," in ji Zorka.

"Ba ƙarya ba ne," in ji Dushanka a hankali. Kocin ƙungiyar ya gaya mata tun makon jiya.

Smilya ta ɗago.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Ba ki gaya min ba."

"Smilya, na so in…"

"Shekaruna nawa a bencin nan, Dusha? Ina ɗaukar miki ruwa, ina ɗaure miki yatsu. Mijina yana aikin gini a Jamus, ɗana bai san fuskarsa ba sai a waya." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Na ce miki ki faɗi ƙaryar. Na roƙe ki."

"Smilya, dube ni."

Ba ta dube ta ba. Ta sunkuya ta ɗauki kambun, ta kaɗe masa ƙura.

Dushanka ta miƙa hannu.

Smilya ta zura nata hannun a ciki, ta ja shi har damtse.